Ɗakin Kwamfuta a Makarantun Sakandare: A Buɗe Yanzu ko a Jira?

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir. Duk yaron da ke neman gurbi a jami'a ko kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha a Nijeriya, gaban kwamfuta zai zauna ya amsa tambayoyinsa, ko ya taɓa sa mata hannu ko bai taɓa ba. A farkon 2024 WAEC ta bi sahu, ta fara da masu rubuta jarrabawa a ƙashin kansu. Da aka shiga 2025 sai Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta a 2026, kuma sabuwar manhajar karatu da aka fitar a shekarar ta sanya darasin fasahar zamani cikin waɗanda suka zama tilas a babbar sakandare. Majalisar Wakilai ta ce a jinkirta maganar jarrabawar har 2030, makarantu ba su shirya ba.

Wannan ja-in-ja ta Abuja ita ake yi a ɗakin malamai da taron iyaye daga Sakkwato har Maiduguri. Wasu na cewa mun riga mun makara, a koya wa yaran nan kwamfuta da aikin hoto da sauti da bidiyo tun yanzu. Wasu na cewa a bi a hankali, akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Kowane ɓangare akwai masu son yaran tsakani da Allah a cikinsa, shi ya sa maganar ta cancanci a zauna a auna ta.

Masu cewa a koyar sukan fara ne daga ƙofofin da yaro zai bi bayan sakandare, domin duk an mayar da su cikin na'ura. Kafin ya ga tambaya ɗaya ta JAMB sai ya mallaki lambar NIN, ya tura saƙo ya karɓi lambar rajista, ya buɗe imel. Neman aikin ɗan sanda ko soja ko kwastan, ta intanet ake cike fom. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ma haka. Yaron da bai iya ba shagon kafe yake nufa, ya miƙa takardunsa da kuɗinsa, ya koma gefe ya tsaya. Mai shagon ne zai buɗe masa imel, shi zai zaɓa masa lambar sirri, wani lokaci ma lambar wayar kansa zai sa a gurbin ta yaron. Bayan wata shida, in saƙon gurbin karatu ya zo ko aka ce a gyara harafi ɗaya a suna, sai a nemi mai shago a rasa, ko ya ce sai an sake biya.

Ita kanta JAMB ta san halin da ake ciki, shi ya sa ta tsara jarrabawarta yadda za a amsa da 'yan maɓallai kaɗan ba sai an taɓa linzami ba: A zuwa D na zaɓen amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa. Dabara ce mai kyau, amma ba ta cire fargaba. Dubi yarinyar da ta baro ƙauyensu tun asuba, ta zauna a zaure mai kujera 250, agogo na tafiya a kusurwar sikirin. Ta ɗora yatsa ɗaya a kan maɓalli, tana tsoron kada ta taɓa wani abu komai ya goge. Mintunan farko a rawar hannu suke ƙarewa. Amsar tambayar ta san ta sarai, abin da ba ta sani ba shi ne yadda za ta ja shafin ƙasa ta ga ƙarshen tambayar. Na kusa da ita ɗan makarantar kuɗi ne, tun yana firamare yake wasa da irin wannan na'ura. Ma'auni ɗaya za a auna su da shi.

Sai maganar abinci. Mafi yawan yaran nan ba za su shiga jami'a ba. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga samari a ƙananan tebura, da fitila da ƙarfen narka dalma, suna buɗe cikin waya suna canza sikirin, kuma galibinsu a wurin ubangida suka koya. Finafinan Hausa, da kasuwar faifai ta mutu, YouTube suka koma, kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina sun nuna akwai miliyoyin masu kallo da Hausa. Kowane shiri akwai mai ɗaukar hoto a bayansa, da mai tacewa, da mai gyaran sauti, da mai rubuta fassara a ƙasan hoto. Malaman wa'azi ma kowanne yanzu yana da yaran da ke ɗaukar karatunsa suna yankawa suna ɗorawa. Ga matan aure da 'yan mata masu sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗaki: a ɗora hoton kaya a WhatsApp, kuɗi su shigo ta banki, ɗan sahu ya kai. Ga macen da fita kasuwa ke yi wa wuya, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce, kuma shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya ba wa dala miliyan 500 a 2020 a jihohi bakwai ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ya sa koyar da fasahar zamani cikin ayyukansa. To me zai sa makaranta ta riƙe yaro shekara shida, ta sake shi bai iya buga wasiƙar neman aiki ba?

Hujjar da ta fi kama ni kuwa ita ce yaran ba jiran izinin makaranta suke yi ba, sun riga sun shiga. Wanda ba shi da waya yana aron ta yayansa ko ta mahaifiyarsa da dare. Suna Facebook, suna TikTok, suna cikin zaurukan WhatsApp da iyayensu ba su san da su ba. Mun kuma ga abin da jahiltar wannan fage ke jawowa. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ɗaya ya zagaye ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka riƙa tashin 'yan uwansu da kiran waya kafin asuba, wasu suka kwanta asibiti, har aka yi asarar rai. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda aka ɗauko tsofaffin hotunan gawarwaki daga wasu wurare aka yaɗa a Facebook a matsayin na rikicin Filato, suka rura wutar da ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala da tara saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamna a TikTok. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, ya kamata yaro ya san abin da ya ɗora na iya kai shi gaban alƙali. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, mai iya ɗaukar muryar malami ko sarki ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Wa zai koya wa ɗan shekara 16 ya tsaya ya tambaya kafin ya tura? Iyaye da yawa su ne kan gaba wajen turawar.

Ɗaya ɓangaren kuma kuskure ne a ɗauke su masu ƙyamar zamani. Da yawansu tsofaffin malamai ne da shugabannin makarantu, waɗanda suka ga shirye-shirye sun zo da kiɗa sun tafi shiru. Abin da suke fara cewa shi ne yaron bai iya karatu ba, kuma ba ƙari suke yi ba. UNICEF ta faɗa a 2022 cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Yaran nan ba ɓacewa suke yi ba, su ake turowa ƙaramar sakandare, daga nan babba. A Kaduna a 2017 malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 suka kasa kai makin da aka gindaya a jarrabawar 'yan aji huɗu. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Kwamfuta kuwa rubutu ce daga sama har ƙasa, galibi da Turanci. Yaron da bai iya karatu ba, in ka zaunar da shi gabanta hoto zai nema da wasa. Kuɗin kwamfuta 40 da janareta, in ji su, zai yi benci da littattafai da banɗakin 'yan mata, waɗanda kowane yaro zai amfana da su kowace rana.

Sai wuta. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Wannan ya shiga labarai saboda girmansa, na kullum ba ya shiga, kuma makarantun karkara da yawa ko turken wuta babu a kusa da su. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. A kawo kwamfutoci, babban baƙo ya yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. A yi 'yan makonni ana shiga. Man janareta ya ƙare, babu kasafinsa. Batirin sola ya mutu, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Shugaban makaranta ya san in linzami ɗaya ya ɓata shi za a tuhuma ranar da masu binciken kaya suka zo, sai ya ɗana kwaɗo biyu a ƙofar ƙarfe ya jefa mabuɗi a aljihu. In ka leƙa ta taga za ka ga layin kwamfutoci an lulluɓe su da zannuwa, ƙurar hunturu ta kwanta a kai, zanzaro ya yi gida a bayan wata. A ajin da ke maƙwabtaka kuwa malami na tsaye da alli, ya zana kwamfuta a allo, ya ja kibiya zuwa kowane sashe ya rubuta sunansa, yara na kwafa. Za su haddace ma'anar kwamfuta da zamunanta biyar, su rubuta a jarrabawa su ci, su fita ba su taɓa kunna ta ba. Tun 1988 Nijeriya ke da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. In bayan shekara 30 da ɗoriya sakamakon ke nan, me zai sa sabuwar sanarwa ta bambanta?

Suna kuma nuna ba mu kaɗai ba ne. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 ta raba wa 'yan makaranta, da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon bincikensa a 2012 bai ga ci gaba a lissafi ko karatu ba. Uhuru Kenyatta ya yi alƙawarin kwamfuta ga kowane ɗan aji ɗaya a yaƙin zaɓen Kenya na 2013, aka kashe kuɗi masu yawa, daga baya gwamnati ta juya akala zuwa gina ɗakunan kwamfuta. A nan gida Jihar Osun ta raba wa 'yan babbar sakandare allunan Opon Imo a 2013, shirin bai ɗore ba. Ita ma jarrabawa ta kwamfuta tana tuntuɓe: a 2025 JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya nemi gafara yana hawaye, aka sake musu.

Akwai kuma abin da iyaye ke faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Uba ya hana 'yarsa waya da gangan, sai ya ji makaranta za ta koya mata ɗaukar bidiyo da buɗe shafi. Ya ga waɗanda suka yi suna a TikTok da irin abin da suka yi sunan da shi, ya ji labarin samarin da suka bar karatu suka koma damfara ko cacar ƙwallo a waya. Tsoronsa ba na banza ba ne. A 2007, da aka gwada raba ƙananan kwamfutoci a wata firamare a Abuja, ba a daɗe ba labari ya fito cewa yara na kallon hotunan batsa da su. Shi ya sa makarantun kwana da yawa ke ƙwace waya, wasu har fasa ta suke yi a gaban ɗalibai. Tambayar uban nan ita ce: wa zai tsaya a kan 'yata in ta shiga?

Idan aka jera hujjojin nan, abin da ke fara bayyana shi ne sau da yawa ba kan abu ɗaya ake magana ba. Koyar da lissafi da Turanci ta hanyar kwamfuta daban, koya wa yaro ita kanta kwamfutar daban. Peru da Kenya da Osun duk na farkon suka sa a gaba, aka raba na'ura da fatan za ta ɗauke wa malami aiki, ba ta kuwa ɗauke ba. Amma shi dai wannan binciken na Peru ya tarar yaran sun iya sarrafa na'urar da aka ba su. Abin da muke nema ga ɗan sakandare ƙarami ne kuma sananne: ya iya buga rubutu ba sai yana laluben haruffa ba, ya adana fayil ya same shi gobe, ya tsara lissafin ciniki a jadawali, ya riƙe imel da lambar sirrinsa da kansa, ya yi bincike ya rarrabe aya da tsakuwa. Wannan ba sai kowane yaro na da kwamfutarsa ba. Awanni yake buƙata na zama da hannu a kan maɓallai, da wanda zai tsaya a bayansa.

Maganar karatu gaskiya ce, sai dai jira ba ya maganinta. In aka ce sai kowane yaro ya iya karatu sannan a buɗe ɗakin kwamfuta, to 'yan aji shida na bana da na baɗi da na shekaru masu zuwa an sallama su ke nan, alhali JAMB ba ta jira, mai ɗaukar aiki ba ya jira, makarantun kuɗi ma ba su jira ba. Wanda jiran zai cutar shi ne ɗan talakan da ake cewa ana karewa. Abin da na ɗauka daga hujjar shi ne a san abin da za a fara da shi. A firamare kowace naira ta tafi ga karatu da rubutu da lissafi. Ban ga dalilin saya wa ɗan aji biyu na'ura ba alhali a ƙasa yake zaune. Daga ƙarshen ƙaramar sakandare zuwa sama kuwa, hana yaro taɓa kwamfuta zalunci ne.

Inda masu adawa suka yi gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne ɗakin da aka kulle, kuma ba ni da amsar da zan ba su sai dai in ƙara musu hujja. Muna son sayen kwamfuta ne saboda sayen kaya kwangila ce, ana ganin ta, ana ɗaukar ta hoto. Horar da malami da biyan mai gyara da sauya batir bayan 'yan shekaru babu mai yanke musu ƙyalle. Matashin da ya ƙware a kwamfuta yana da inda zai samu ninkin albashin malamin sakandare, saboda haka ba ya zama. Sai a cike gurbin da mai yi wa ƙasa hidima, wanda zai tafi kafin shekara ta zagayo, ko a ɗora wa malamin lissafi, wanda shi ma a takarda ya karanta ta. Gwajin da aka yi a birnin Benin na Jihar Edo a 2024 tare da Bankin Duniya abin lura ne. 'Yan babbar sakandare sun yi mako shida suna darasin Turanci bayan tashi daga makaranta da taimakon ƙirƙirarriyar basira, kuma sun fi takwarorinsu ci a gwajin ƙarshe. Amma ba sakin su aka yi da na'ura ba. Bibbiyu suke zama, malami na zagayawa, shi ke jagorantar darasin, shi ke faɗakar da su cewa na'urar na iya shaci-faɗi.

Da ni ke riƙe da kasafin makaranta, kwamfutar tafi-da-gidanka 15 da sola mai kyau da malami ɗaya da aka horar aka ba shi alawus sun fi min 60 a lulluɓe. A rubuta kuɗin gyara tun ranar farko. A sauke wa shugaban makaranta tsoron tuhuma, domin kayan da yara ke taɓawa dole su lalace. Intanet ba sai kullum ba: buga rubutu da jadawali da tace hoto duk ba sa cin data, kuma ana iya sauke Wikipedia da littattafai a ajiye a karanta ba layi. Cibiyoyin jarrabawar JAMB yawancin watannin shekara ba jarrabawa ake yi a cikinsu ba, jiha ko ƙaramar hukuma na iya yin yarjejeniya da su a riƙa kai 'yan makarantun gwamnati bi da bi. Sabuwar manhajar ta sa gyaran waya da kwamfuta da haɗa sola cikin darussan sana'a, kuma makarantar da ta ɗauke su da gaske ɗalibanta ne za su riƙa gyara mata ɗakin.

Amma ɓangaren da na fi so a mayar da hankali a kai shi ne mafi arha, kuma shi ne ba a cika ambata ba: koya wa yaro mu'amala da labari da hoto da murya. Wannan ba ya jiran ɗan kwangila, waya ɗaya a hannun malami ta isa. Ya kawo saƙon da ya zagaya gari a makon, ya karanta wa aji, ya tambaya: wa ya faɗa? A ina ya ji? Lambar motar da ke cikin hoton ta ƙasar nan ce? Me ya sa ciyawa kore shar alhali an ce jiya aka ɗauka, mu kuwa muna tsakiyar rani? Wa zai ci riba in muka tura? Sannan ya nuna musu yadda ake saka hoto a Google a ga inda ya fara fitowa da shekarar da ya fito. Darasi ne na minti 40 da yaro zai kai gida ya gwada a kan saƙonnin gidansu. Kuma ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Yaron da ya yi Islamiyya ya san Suratul Hujurat ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Ya ji yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum: wane ne wannan, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, an san shi da gaskiya? Ya san hukuncin gulma da annamimanci da ƙazafi. Ɗan'uwansa Kirista ya san dokar da ta hana shaidar zur. Abin da ya rage a nuna musu shi ne danna maɓallin turawa yana cikin wannan babi. Don haka bai kamata a bar wa malamin kwamfuta aikin shi kaɗai ba, malamin Hausa da na addini da na tarihi duk suna da rabo a ciki.

Haka ɓangaren ƙirƙira. Makarantu da yawa suna da ƙungiyar 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe. A ba su waya ɗaya da ƙaramin makirufo, su je su yi hira da tsohuwar da ta san tarihin unguwa ko maƙerin da ke bayan makaranta, su nemi izini kafin su ɗauka, su dawo su yanka su haɗa shirin minti biyar da Hausa mai kyau. Yaron da ya taɓa yanke maganar mutum da hannunsa, ya ga yadda cire jimla ɗaya ke juya ma'ana, zai yi wuya a sake yaudarar sa da guntun bidiyon malami da aka datse gaba da baya.

Tsoron uban nan shi ne ba zan iya kawar da shi gaba ɗaya ba, kuma bai kamata a yi masa alƙawarin ƙarya ba. Wanda aka koya wa tace bidiyo zai iya tace na banza, kuma babu manhajar toshe shafuka da ke tare komai. Abin da zan ce masa shi ne 'yarsa za ta riƙe waya ko ba jima ko ba daɗe, in ba a gidansa ba a gidan mijinta. Gara ta fara sanin ta a ɗakin da sikirin ke fuskantar malama, inda za a gaya mata cewa hoton da ta tura wa mutum ɗaya ya fita hannunta har abada, banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, kuma akwai yadda ake toshe mai damun ta, da a ce ƙawa ce za ta koya mata a ɓoye. Hana waya a aji da ɗakin kwana ba ya karo da wannan, ina ma goyon bayansa. Makaranta ta kira iyaye su shigo su ga abin da ake yi da idonsu, a makarantun 'yan mata kuma a fifita malamai mata.

Saura batun jarrabawa, inda nake ganin an fara daga ƙarshe. Hujjar rage satar amsa tana da ƙarfi, duk wanda ya san abin da ake yi a wasu cibiyoyi ba zai raina ta ba. Amma JAMB zama ɗaya ce na awa biyu, WAEC da NECO kuwa makonni ake kwashewa, a kowace makaranta, har wadda mota ba ta kaiwa da damina. A tsarin da WAEC ta fara da shi, tambayoyin zaɓi ake amsawa a kwamfuta, na rubutu a gani a sikirin a amsa a takarda. Ranar da aka ce insha'in ma a buga shi, yaron da ke neman harafi ɗaya-ɗaya da yatsa ba zai gama kalma 450 kafin lokaci ya cika ba, komai iliminsa, kuma makin da zai fito za a ce na Turanci ne alhali na bugun rubutu ne. Sharaɗin da zan so a gindaya shi ne, kafin a sa makaranta cikin masu jarrabawa ta kwamfuta a duba rajistar ɗakinta: ɗalibai nawa suka zauna, awa nawa kowanne ya samu a zango. Wadda ta cika ta shiga. Wadda ba ta cika ba ta ci gaba da takarda, a kuma tambayi ma'aikatar ilimi ta jihar dalili, ba shugaban makaranta kaɗai ba. Masu duba makarantu sun saba ƙirga kwamfutoci su rubuta adadi a fom. A ƙara musu layi ɗaya: su zaɓi ɗalibai biyar daga aji biyar da kansu, ba malami ne zai nuna ba, su ce kowa ya kunna, ya buga sakin layi ɗaya, ya adana, ya kashe.